Daga 'Ya'yan Bagaruwa Zuwa Faifan Gwaji: Yadda Ake Binciken Sinadaran Tsiron Magani

Duk wanda ya taɓa tauna ɗan bagaruwa ya san yadda bauri ke ɗaure baki har harshe ya yi kamar ya ƙanƙance. Wannan baurin shi ne majemi ke nema idan ya daka bagaruwa ya jiƙa fata a ciki, kuma shi ne tsohuwa ke nema idan ta dafa ta don mai gudawa ko mai zubar jini a dasashi. Sinadarin da ke kawo shi sunansa tanin, aikinsa kama furotin ya ɗaure. Na zaɓi bagaruwa ta zama misalinmu tun daga farko har ƙarshe saboda kowa ya san ta, tana da araha, kuma tana iya ruɗin mai bincike fiye da yawancin itatuwanmu. Ɗalibin da zai rubuta kundin kammala digiri a kan zogale, sabara, marke ko maɗaci, hanyar ɗaya ce, abin da zai sauya kaɗan ne.

Mataki na 1: Fara da mai maganin

Kafin ka taɓa kwalba ko ma'auni, je ka zauna da wanda ke ba da maganin. Ka yi sallama, ka durƙusa ka gaisa, ka faɗa masa kai wane ne da abin da za ka yi da bayanin. Kada ka je a matsayin mara lafiya na ƙarya. Tambayoyinka su zama irin na ɗalibi a gaban malaminsa: “Baba, wane ɓangare ake ɗauka, ɗanye ko busasshe? Jiƙawa ake yi ko dafawa? Kwana nawa? Ana sa kanwa? Nawa babba ke sha, nawa yaro?” Ka rubuta amsar yadda ya faɗe ta.

Batun kanwa ba ƙarami ba ne. Kanwa tana sauya yanayin ruwa, ta sa wasu sinadaran su fito, wasu su sauya kama. Idan Baba da kanwa yake dafa maganinsa, kai kuma ka jiƙa naka a mitanol, wani ruwan narkarwa na ɗakin gwaji, to abin da ka gwada daban, abin da mutane ke sha daban. Babu laifi ka yi hakan, amma ka sani, ka kuma rubuta. Shawarata ita ce ko da wane ruwa za ka yi aiki, ka ware kashi ɗaya ka haɗa shi daidai yadda ake haɗawa a gida.

Mataki na 2: Tabbatar da sunan tsiron

Sunan Hausa kaɗai ba ya isa. Itace ɗaya wani gari ya ce darbejiya, wani ya ce dogon yaro, wani maina, wani bedi. A ɗaya gefen kuma suna ɗaya kan hau tsirrai daban: akwai bagaruwa, akwai bagaruwar ƙasa wadda ƙaramar ciyawa ce, akwai ma wuraren da zogale ake kira bagaruwar Makka. Tun 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafi, kuma har yau masu bincike suna komawa gare shi saboda irin wannan rikici. Bagaruwar da muke nufi a kimiyyance Vachellia nilotica ce. A tsofaffin takardu za ka gan ta da sunan Acacia nilotica, don haka ka nemi bayani da sunayen biyu.

Ka yanko reshe mai ganye da ƙaya da fure ko 'ya'ya, ka shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, ka danne da katako da dutse, kana sauya jaridar kullum har ya bushe. Ka kai ma'adanar busassun tsirrai ta jami'a, irin wadda ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko Jami'ar Bayero a Kano. Masani zai tantance shi, a ba ka lambar ajiya. Wannan lamba ita ce shaidarka. Garin magani da aka saya a ƙulle a kasuwa ba ya tantantuwa da ido, don haka kada ka gina bincikenka a kansa.

Mataki na 3: Ɗiba, shanya da daka

Ka guji itacen bakin titi da na gefen gonar da ake yi wa feshi da na kusa da kwatar masana'anta. Ka rubuta wuri da rana da yanayi, domin bagaruwar da ta nuna ta bushe a uwa ba ɗaya take da ɗanya ba, haka ganyen damina da na bazara. Idan sassaƙe kake so, ka sassaƙi gefe ɗaya, kada ka zagaye gindin, itacen mutuwa zai yi. Ka zuba a buhun takarda ko kwando. Leda tana tara gumi, kafin ka isa gida ganye ya fara dahuwa.

A inuwa ake shanya, inda iska ke ratsawa, a kan tabarma mai tsabta ko takarda, ana juyawa. Rana tana lalata wasu sinadaran, mai ƙamshi kuma ta kore shi. Da hunturu aikin ba wuya. Da damina kuwa fumfuna ce abokiyar gaba, kuma duk abin da ya yi fumfuna zubarwa za ka yi, domin ita ma tana fitar da nata sinadaran, wasu guba ne, wasu suna kashe bakteriya, sai ka yaba wa bagaruwa aikin da ba nata ba. Idan akwai tandar ɗakin gwaji, ka sa ta a digiri 40. Ka san ya bushe idan ka auna yau, ka auna gobe, nauyin bai ragu ba.

Ka fasa 'ya'yan ka ware ƙwayar daga kwanson, domin yawancin tanin a kwanson yake. Ka daka a turmin da aka wanke ya bushe, ka tankaɗe da rariya. Kada ka kai injin niƙa na unguwa. Na taɓa ganin ɗalibar da gwajinta ya nuna abin da ba wanda ya yi tsammani, sai da aka sansana garin aka ji ƙamshin citta da barkono, ashe yaji aka niƙa kafin nata. Wata guda na aikinta ya tafi haka nan.

Mataki na 4: Tatso sinadaran

Ƙa'idar a nan kowace mai girki ta san ta. Gishiri yana narkewa a ruwa, ba ya narkewa a man gyaɗa, manja kuma ba ya haɗuwa da ruwa. Kowane sinadari yana bin ruwan da ya yi kama da halinsa. Hekzen yana jawo maiƙo da kakin ganye. Itil asitet yana jawo na tsaka-tsaki, irin su asid galik da yawancin filabonoyid. Itanol da mitanol suna kwaso kusan komai. Ruwa yana kwaso tanin da safonin da sukari da ƙaro. Ga bagaruwa, itanol mai kashi 70 cikin 100 zaɓi ne mai kyau, kuma bai kai mitanol haɗari ba. Mitanol yana makantarwa, yana kisa, ba a shaƙarsa, ba a ɗanɗana abin da aka tatso da shi.

Hanya mafi sauƙi ita ce jiƙo. Auna gari giram 100, zuba a kwalbar gilashi mai murfi, ƙara ruwan narkarwa lita 1, rufe, ajiye a wuri mai duhu awa 72, kana girgizawa safe da rana da dare. Tace da farin ƙyalle mai laushi, sannan da takardar tacewa ta Whatman mai lamba 1. Tukar da ta rage ka sake jiƙa ta sau ɗaya ko biyu, ka haɗa ruwan. Na gargajiya kuma ka dafa shi yadda Baba ya faɗa, ka rubuta mintin da ya yi a wuta.

Akwai na'urar Soxhlet, wadda aka ƙirƙiro tun 1879, tana tafasa ruwan narkarwa yana zagayawa ta cikin garin na awoyi. Tana tatsowa sosai da ruwa kaɗan, shi ya sa ɗalibai ke sonta. Matsalarta zafi. Labarin da ya kamata duk mai wannan aiki ya riƙe shi ne na Tu Youyou ta ƙasar Sin. Ita da abokan aikinta sun yi ta gwada wani tsiro dangin tazargade, Artemisia annua, a kan zazzaɓin cizon sauro, sakamakon yana zuwa yana komawa. Sai ta koma wani tsohon littafin magani na Ge Hong, na ƙarni na 4, ta ga an ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha, ba a ambaci dafawa ba. Ta sauya zuwa sinadarin da ake kira ita (ether), ruwan narkarwar da ke tafasa a wajen digiri 35, kuma a 1971 tataccen ya kashe ƙwayar cutar gaba ɗaya a jikin ɓeraye. Daga nan aka samo atimisinin, ginshiƙin maganin maleriyar da ake sha yau a asibitocinmu, ita kuma ta karɓi lambar yabo ta Nobel a 2015. Abin da ya buɗe mata hanya shi ne ta ɗauki yadda magabata suka haɗa maganin da muhimmanci. Ka ga dalilin da na ce a fara da mai magani.

Bayan tacewa sai ƙafewa. Idan akwai na'urar ƙafe ruwa mai juyawa, ka sa ta a digiri 40. Idan babu, ka zuba a faranti mai faɗi a kan tukunyar ruwan ɗumi, kada ya wuce digiri 50, a wurin da iska ke fita. Kada ka kusantar da hekzen ko ita (ether) ko itanol da harshen wuta. Abin da ya rage, baƙi-baƙi mai danƙo ko mai ƙyalli, shi 'yan ɗakin gwaji ke kira ekstirak, ni zan ci gaba da ce masa tatacce. Ka auna shi. Idan alal misali ka sami giram 18 daga gari giram 100, yawan abin da ka tatso kashi 18 cikin 100 ke nan. Ka adana a kwalba mai duhu a firji, a digiri 4. Inda ake yawan ɗauke wuta, gara ka busar da shi ƙayau ka ajiye a rufaffiyar kwalba tare da sinadarin tsotse laima, domin tatacce mai danshi yana rubewa.

Wanda ke son ya matsa gaba zai narkar da tataccen a ruwa, ya zuba a mazurarin rarrabewa, ya girgiza shi da hekzen, ya ware, sannan da itil asitet, sannan da butanol. Kowane kaso a ƙafe shi daban, a gwada shi daban. Ta haka ake gane inda ƙarfin yake zaune.

Mataki na 5: Me ke ciki?

Gwajin farko na launi ne, kuma yana da daɗin yi. Narkar da ɗan tatacce a ruwa, raba a ƙananan kwalaben gwaji.

Ɗiga ferik kulorayid a ɗaya. Idan na bagaruwa ne nan take zai koma shuɗi mai duhu kamar baƙi. Wannan haɗuwar tanin da ƙarfe ce, kuma ita ce dai abin da baduku ke yi idan ya shafa ruwan tsatsar ƙarfe a kan fatar da aka jeme da bagaruwa ta koma baƙa. Shuɗi-baƙi yana nuna tanin na dangin asid galik, kore-baƙi kuma na dangin katekin. Sai dai ba tanin kaɗai ke ba da wannan launi ba, duk danginsa na finol suna yi, don haka ka tabbatar da ruwan jelatin mai kashi 1 cikin 100 da ɗan gishiri. Idan farin gudaji ya fito, tanin ne.

Safonin kuwa girgizawa ake yi da ƙarfi. Kumfar da ta tsaya minti 15 ba ta kwanta ba alama ce, irin kumfar da ke sa a yi wanki da ɓawon aduwa. Alkaloyid ana fara narkar da tataccen a asid mai rauni, a tace, a ɗiga ruwan Dragendorff, ya ba da laka ruwan goro, ko ruwan Mayer, ya ba da laka ruwan madara. A nan bagaruwa kan yaudari mutum, domin tatacce mai tanin da yawa yana yin gudaji da abubuwa da dama. Kada ka ce akwai alkaloyid sai gwaji biyu ko uku sun yarda da juna. Filabonoyid ana sa ɗan guntun maganiziyam da ɗigon asid haidurokulorik mai ƙarfi, ya koma ja-ja. Gwajin Liebermann-Burchard na siteroyid ne da tarfin, na Borntrager na sinadaran da ke sa gudawa irin na filasko, na Keller-Killiani kuma na masu taɓa zuciya irin na tumfafiya. Duk inda asid mai ƙarfi ya shigo, ka sa tabarau da safar hannu, kuma asid ake zubawa a ruwa, ba a zuba ruwa a asid.

Teburin sakamakon waɗannan gwaje-gwaje da ake cikawa da alamar tarawa ɗaya, biyu, uku, ba awo ba ne, ganin ido ne. Kusan kowane ganye a duniya yana da filabonoyid, har ganyen da akuya ke ci. Saboda haka faɗin cewa tsiro yana warkarwa don an ga filabonoyid a cikinsa magana ce da ba ta tsaya da ƙafarta ba, kuma tana ba ni takaici idan na gan ta a kundin ɗalibin da ya sha wahalar aiki. In kana son adadi, yi gwajin Folin-Ciocalteu, ka karanta a na'urar auna haske a nanomita 765, ka kwatanta da asid galik tsantsa. Na filabonoyid da aluminiyam kulorayid ake yi, a wajen nanomita 415, a kwatanta da kwasetin. Ka kuma koyi gwajin siririn faifan silika. Ɗigo ɗaya a gindin faifai, ruwan narkarwa ya hau da shi, sinadaran su rarrabu tabo-tabo. Idan ka ɗiga asid galik na gaske a gefe, ka ga tabonsa ya tsaya daidai da wani tabo a naka, ka sami alama mai ƙarfi da kuɗi kaɗan.

Ɗalibai da yawa yanzu suna biyan kuɗi a yi musu GC-MS, wato gwaji da na'urar da ke rarrabe sinadarai ta ba da sunayensu. Ka sani na'urar tana ganin abin da ke iya tashi ya zama tururi ne kawai. Tanin ba ya tashi, don haka babban abin da ke cikin bagaruwa ba zai fito a takardar ba, sai dai maiƙo da ƙananan abubuwa. Sunayen da take bayarwa kuma kwamfuta ce ta kamanta da abin da ke rumbunta. Idan ka ga sunan da ke da fitalet a ciki, wato sinadarin da ake sa wa roba, ka fara zargin robar da ka zuba samfurin a ciki. Manyan sinadarai irin na bagaruwa sai na'urar HPLC ko ta LC-MS, tabbatar da siffar sinadari kuma sai na'urar NMR.

Mataki na 6: Gwaji a kan bakteriya

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan daɗe a kai. Ka nemi bakteriya masu rajista waɗanda duk duniya ta san halinsu: Staphylococcus aureus ATCC 25923, Escherichia coli ATCC 25922, Pseudomonas aeruginosa ATCC 27853. Waɗanda aka samo daga marasa lafiya suna da amfani, amma a haɗa su da masu rajista, a kuma tabbatar da su wane ne.

Dafa abincinsu, wato agar na Mueller-Hinton, a tukunyar tururi a digiri 121 na minti 15, zuba a faifan Petri kaurin milimita 4. Kaurin yana da tasiri. Idan ya yi siriri da'irar za ta yi faɗi, ka yi murnar banza. Ɗebi bakteriyar da ta kwana ɗaya, dama a ruwan gishiri, daidaita gurɓinta da ma'aunin McFarland 0.5, wanda ya kai kimanin ƙwaya miliyan 150 a mililita guda. Shafe fuskar faifan da auduga mai tsinke ta ɓangare uku. Huda gurabe masu faɗin milimita 6, zuba tatacce daidai wa daida a kowanne, bar shi ya tsotsa kamar rabin awa, sannan akwatin ɗumi a digiri 35 zuwa 37, awa 18 zuwa 24. Washegari ka auna faɗin filin da bakteriya ta kasa tsirowa a kewayen gurbin, da milimita.

Kowane faifai yana buƙatar shaidu biyu. Na farko sanannen magani, kamar sifirofuloksasin, don ka tabbatar gwajin yana aiki. Na biyu ruwan da ka narkar da tataccen a ciki, shi kaɗai, ko DMSO ne ko itanol. Itanol da kansa yana kashe bakteriya, shi ya sa ake goge hannu da shi. In ba ka gwada shi shi kaɗai ba, ba ka da bakin cewa bagaruwa ce ta yi aikin. Kowane gwaji a yi shi sau uku, a ranaku daban in da hali.

Faɗin da'ira ba shi ne ƙarfin magani ba. Yana nuna yadda sinadari ke iya ratsa agar ne haɗe da ƙarfinsa. Mai maiƙo ko mai girman jiki ba ya tafiya da nisa ko da yana da ƙarfi. Saboda haka awon da masana ke girmamawa shi ne MIC, wato mafi ƙarancin adadin da ke hana bakteriya tsirowa. Ana yin sa a faranti mai gurbi 96. Zuba romon Mueller-Hinton maikurolita 100 a kowane gurbi. A gurbin farko ƙara maikurolita 100 na tatacce mai ƙarfin miligiram 4 a mililita, gauraya, ɗebi 100 ka kai gurbi na biyu, haka har ƙarshen layi, ka zubar da ɗiban ƙarshe. Tsarma bakteriyar McFarland ɗin kashi 1 cikin 150, ƙara maikurolita 100 a kowane gurbi. Yanzu gurbin farko yana da maikurogiram 1000 a mililita, na biyu 500, sai 250, 125, 62.5, har ƙasa. Ka lura kada DMSO ya wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a gurbin. Ga wannan gwaji, S. aureus ɗin da aka fi amfani da shi ATCC 29213 ne.

Da bagaruwa ba za ka iya dogara da gurɓin ruwa ba, domin tanin yana kama furotin na romon ya gurɓata shi ko babu bakteriya ko ɗaya. Don haka bayan kwana ɗaya ka ƙara maikurolita 40 na rinin INT mai ƙarfin miligiram 0.2 a mililita, ka mayar ɗumi rabin awa. Inda bakteriya ke raye zai koma ja. Gurbi mafi rauni da bai yi ja ba shi ne MIC ɗinka. Ka ware layi guda mai tatacce da rini ba tare da bakteriya ba, domin wasu tatattun suna juya launin rinin da kansu. In kana son sanin ko kashewa ya yi ko dakatarwa, ɗebi daga guraben da ba su yi tsiro ba, kafin ka sa rini, ka shafa a sabon agar ka ga ko za su farfaɗo.

To, me lambar ke nufi? Masana da yawa suna ɗaukar tataccen da MIC ɗinsa bai kai maikurogiram 100 a mililita ba a matsayin wanda ya cancanci a bi sawunsa, wanda ya haura 1000 kuma ba a ɗora masa buri. Sifirofuloksasin yana aiki a kan waɗannan bakteriya masu rajista a maikurogiram 1 ko ƙasa da haka. Ka riƙe waɗannan lambobi, domin za ka ga rubuce-rubuce inda aka zuba miligiram 200 ko 500 a mililita aka ce tsiro ya yi abin mamaki. A irin wannan kauri ko gishirin miya zai takura wa bakteriya. Kada kuma ka yi mamaki in ka ga S. aureus ya fi E. coli saurin faɗuwa. E. coli da Pseudomonas suna da ƙarin fata a waje da ke tare sinadarai da yawa, wannan sananne ne.

Ga gwajin da nake so kowane mai aiki da bagaruwa, marke ko sabara ya ƙara. Ka ratsa tataccen ta cikin garin foliyamayid ko PVPP, wanda ke kama tanin, ka tabbatar da jelatin cewa ya fita, ka sake auna MIC. Idan ƙarfin ya ɓace, ka gane aikin na tanin ne da danginsa, wato kama furotin ba zaɓe. Irin wannan aiki yana da ma'ana a kan gyambo, dasashi ko cikin hanji, inda maganin ke taɓa wurin kai tsaye, kuma ya dace da yadda mutanenmu ke amfani da bagaruwa. Amma manyan tanin ba sa shiga jini da sauƙi, don haka ba hujja ba ce ta cewa zai magance cutar da ke cikin jini ko huhu. Idan kuma ƙarfin yana nan bayan cire tanin, to ka sami abin da ya cancanci digiri na gaba.

Gwajin DPPH, wanda ke auna ƙarfin tatacce wajen kama sinadarai masu lalata ƙwayoyin jiki (antioxidant), ba sai na ja shi ba. Ruwa ne shunayya da ke komawa rawaya, a bar shi minti 30 a duhu, a karanta a nanomita 517, a kwatanta da bitamin C. Bagaruwa za ta yi fice a ciki saboda yawan finol. Abu ne da ya faru a kwalba, bai ce komai game da ciwon daji ko ciwon suga a jikin mutum ba.

Idan ka gama, duk faifan da bakteriya ta taɓa a mayar da shi tukunyar tururi kafin a zubar.

Mataki na 7: Guba

Cewa abu daga itace ya fito ba ya wanke shi. Tumfafiya itace ce, zurma ma haka, kuma ƙwayar zurma tana kisa. Gwajin guba na farko mai araha shi ne na 'ya'yan jatan landen gishiri, Artemia salina: a ƙyanƙyashe su a ruwan gishiri, a sa goma-goma a kowane kaurin tatacce, a ƙirga matattu bayan awa 24. Na dabbobi kuma, jami'o'inmu sun saba da hanyar Lorke ta 1983, wadda ke cin ɓeraye 13, akwai kuma ƙa'idojin ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta OECD masu lamba 423 da 425. Ba a taɓa dabba sai da takardar izinin kwamitin ɗa'a, kuma sai a ƙarƙashin wanda ya iya. Ɓeran da bai mutu da shan farko ba bai tabbatar da lafiyar wanda zai sha kullum na wata uku ba. Wannan sai gwajin kwana 28 ko 90, a duba jini da hanta da ƙoda. Ga mai tanin da yawa akwai ƙarin abin lura, yana kama sinadarin ƙarfe na abinci a hanji, abin da ya shafi mai ciki da mai jego da duk mai ƙarancin jini.

Mataki na 8: Rubutu

Ka rubuta abin da ka gani, da lambarsa, har wanda bai yi aiki ba. In E. coli bai motsa ba, faɗi haka, wani ka hutar. Ka ambaci lambar ajiyar tsiron, wurin ɗiba da wata, ruwan narkarwa, yawan tatacce, sunan bakteriya da lambarta, shaidun da ka sa, da bambancin da ke tsakanin maimaici ukun. Jimlar ƙarshe ta tsaya inda gwajin ya tsaya: tatacce kaza ya hana bakteriya kaza tsirowa a faifai a adadi kaza. Kalmar warkarwa ba ta shiga sai an gwada a jikin mutane bisa ƙa'ida.

Ana kaiwa can, ba mafarki ba ne. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja ta ɗauki haɗin wani mai maganin gargajiya na amosanin jini, mai tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi, ta bi shi ta gwajin ɗaki da na dabbobi da na mutane har ya zama Niprisan. Shekaru aka kwashe ana wannan aiki, ba zangon karatu ɗaya ba.

Kafin ka tattara kayanka, ka ajiye giram 20 na garin da ɗan tatacce a rufaffiyar kwalba, da suna da kwanan wata da lambar ajiya, ka bar wa malaminka saboda wanda zai ɗora. Sannan ka sayi goro ka koma wurin Baba. Ka faɗa masa da Hausa abin da ka gani, inda maganin ya nuna ƙarfi da inda bai nuna ba, da batun mai ciki da mai ƙarancin jini. Ka tambaye shi ko yana so a sa sunansa a shafin godiya, in ya ce a'a ka bar shi.